Mai Gyaran Agogo a Ɗaki na Bakwai

Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe cikin agogo
a wani ɗan shago kusa da gadar Riyoni, nan Kutaisi.
Ran wata Talata cokalin shayi ya fi ƙarfin hannuna.
Na ce, Tsiyala, miƙo min sukari,
abin da ya fito daga bakina ba sukari ba ne,
wani dunƙulen sauti ne, kamar burodin da ya sha ruwa.

Ba ta tsaya shafa min mai ba, Allah ya saka mata.
Motar asibiti ta kira.
Likita ya ce ƙofar awa huɗu da rabi take a buɗe,
mu cikin biyu muka iso.
Gudan jini ne, bai kai ƙwallon inabi ba,
ya toshe hanya a hagun ƙwaƙwalwa,
hagu ta ci bashi, dama ke biya.
Suka ɗura min maganin narkar da shi ta jijiya.
Ƙafa ta dawo kafin sati ya zagayo.
Hannu ya yi zamansa a kan bargo
kamar baƙon da bai san kowa ba.

Ƙwayoyin hawan jini kuwa
shekara tara suna tsufa a aljihun kwat ɗina.
Ban faɗa wa likita ba. Tsiyala ta faɗa.

Gadon bakin taga na Goca ne, ɗan ashirin da shida.
Rufin kakarsa ya hau gyarawa, tsani ya zame.
Nasa kan lafiya lau, umarni yake bayarwa,
laka ce ta yanke ƙasa da haƙarƙari,
saƙo ya je bakin gada ya tarar babu gada.
An ɗaure ƙashin bayansa da ƙarfe.
Duk awa biyu a juya shi, kada fata ta yi gyambo.
Yanzu damatsansa sun fi cinyata kauri,
yana tsere da keken guragu a baranda,
yana zagin duk wanda ya ce masa sannu.

Otar, tsohon malamin lissafi, da gudawa ya fara.
Sati biyu bayan ta wuce, yatsun ƙafa suka yi tsit,
abin ya hau gwiwa, ya hau ƙugu,
kamar Riyoni in ƙanƙarar duwatsu ta narke.
Garkuwar jikinsa ce ta rikice,
karen gida ya shiga cizon jijiyoyin maigida.
Kwana biyar ana ƙara masa magani a leda.
Ruwan ya tsaya daf da numfashi,
yana janyewa ta inda ya zo, taku-taku,
shi kuma yana ƙirga takun da alli a bango.

Ni fa na ɗauka suna ɗaya ciwo ɗaya.
Mziya mai gashin ƙashi ta yi dariya.
Ita ma, in ji ta, ta taɓa tashi da rabin fuska a zube,
jijiya ɗaya ce ta kumbura bayan kunne.
Ƙwaya kwana goma, ido a liƙe da dare kada ya bushe,
wata uku ta koma busa wa jikanta kyandir.

Kullum da hantsi takan sa madubi tsakanin hannuwana.
Hagu na motsi, ido na ganin dama ce,
ana yi wa ƙwaƙwalwa wayo ta fasa sabuwar hanya.
Wake goma sha biyu, daga wannan kwano zuwa wancan.
Jiya na kai huɗu.

Yau Tsiyala ta zo da agogon aljihun mahaifina,
ta ajiye a tafina, ba ta ce komai ba.
Babban yatsa ya nemi ɗan kan da ake murzawa.
Ya same shi.
Bai murza ba tukuna.