Kwana Ashirin da Takwas

In an tambayi Inna aikina a Gusau
sai ta gyara zama ta ce,
"Lawwali? Ai fashe-fashe yake.
Shekara biyar yana boko,
ga shi gwamnati na biyan shi ya fasa bulo."
Mata su kwashe da dariya.
Ban taɓa musa mata ba.

Ɗakina na bayan ma'aikatar ayyuka,
kusa da wata tsohuwar tifa da kaji suka gada.
Akwai tankin ruwa,
a ciki curarrakin kankare suna kwance,
kowanne da ranar haihuwarsa a goshi.
Ran kwana bakwai, ranar suna,
nakan ciro ɗaya in ji sunansa na gaskiya.
Sauran su jira
sai ashirin da takwas ta cika.

Inji ba ya fushi, ba ya gaggawa.
Matsawa yake kawai.
Allura ta hau, ta hau, ta tsaya tana rawa.
Na ƙwarai yakan daure har ka ji tausayinsa,
sannan ya fashe da ƙara kamar bindigar maharbi,
tsakuwar ciki ma ta rabe biyu.
Na banza ko kuka ba ya yi.
Ya saki jiki, ya marmashe
kamar dawon da ya kwana uku a ƙwarya.

Na Alhaji Maidamma haka suka yi, duka shida.
Na ɗakin haihuwa ne, can hanyar Magami.
Yashinsa na zuba a kwalbar lemo,
na girgiza, na ajiye a taga;
kafin azahar laka ta kwanta a kai, yatsa biyu.
Rodi kuma, takarda ta ce mai sha biyu ne,
ma'aunina ya ce goma da 'yar ɗoriya.

Da la'asar ya zo da kansa,
da zabbi biyu a ɗaure.
Bai ɗaga murya ba.
Ya ce, "Yaro, Allah ke riƙe gini."
Na ce, "Haka ne, Alhaji,
kuma Shi ya ce a cika mudu."
Ya dube ni, ya dubi injin,
kamar yana neman wanda ya fi sauƙin lallashi.

Na rubuta: bai ci ba.
Hannuna ya yi rawa, ba zan ɓoye ba.
Ina da haya, ina da bashin babur.
Da ana mayar da zabbin mota ɗaya ta kuɓuce,
har yau tana bayan tanki
tana kwarmata zancen kowace safiya.

Ran Juma'a na je gida Kwatarkwashi.
Na tarar Inna ta kwashe tukwane daga wuta,
tana bin su ɗaya-ɗaya da bayan yatsa,
kunnenta a kare.
Wannan ta amsa tar. Wannan ma.
Ta uku ta yi wata murya kamar mai mura.
Ba tsaga, ba tabo, ja ce kyakkyawa.
Inna ta ɗaga ta, ta buga da dutse.

Na ce, "Inna, ai da ta sayu."
Ko juyowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Ta sayu, ta fashe a murhun wa?
Kwashe min katangar nan, kaji su sha ruwa."