Ni Ne Miyar

Shekara ashirin da bakwai ina zubin tukwane a Sabon Gari.
Gwangwanin lemo, fistin ɗin mataccen inji, murfin da ya lotse,
duk wuta ɗaya nake jefa su,
ban taɓa tambayar ɗayansu asalinsa ba.
A wurina sanholo sanholo ne.

Sai Tsahiru ya fara ƙera jirgi a bayan gidansa, can Ali Ɗan Sofo,
inda dā yake ɗaure tumaki.
Maraɗi ta yi dariya. Ni ban yi ba.
Na zuba masa maƙalan fiffike guda huɗu, kyauta,
na goge su har suna ɗaukar ido,
na kai masa cikin takardar siminti.

Ya yi godiya irin ta mutanen kirki,
sannan ya ɗauki zarto ya raba ɗaya biyu.
Ciki duk ƙofofi, kamar masar da ta tashi da kyau.
Ya ce, "Nomau, tukunyarka kan duwatsu uku take zama.
In ta tsage, miya ce ke zubewa.
A can sama kuwa, ni ne miyar."

Ya ja ni gindin bedi,
ya jera mini falle uku, kowanne da lamba a goshi.

"Wannan, ashirin da ashirin da huɗu, da tagulla a jininsa.
Iska ta ja shi ta saki sau dubu dubu, ba ya saurin gajiya.
Amma ba ya shiri da walda, sai ƙusa,
kuma damina ɗaya ba fenti, sai ka ga ya yi furfura.

Wannan, saba'in da saba'in da biyar, mai tutiya,
ya fi su ƙarfi, ya fi su zuciya.
Ka matsa masa wajen lanƙwasa, ba zai yi maka kashedi ba,
sai dai ka ji ƙas!

Na ukun, sittin da sittin da ɗaya,
ba a yi masa kirari.
Yana haƙuri da laima, yana karɓar walda,
ko da yake inda wuta ta lashe shi
ƙarfinsa kan ragu, kada ka manta.
Irinsa ake bar wa riƙon gida."

Barira, 'yarsa, na gefe da littafi a cinya,
tana rubuta lambar kowane guntu,
da inda ya fito, da ranar da ya shigo,
kamar mai rajistar haihuwa.

Bayan salla falle biyu suka iso daga Kano,
sumul, ba tabo, ba lamba.
Dillali ya rantse har da dafa ƙirji.
Jikka tamanin aka biya.
Tsahiru ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya goga magagari,
kwana uku fitilarsa ba ta mutu ba.
Ran na huɗu sai ga su a kura, a ƙofar maƙerata.
"Ƙarfen da bai san sunan ubansa ba,
ba zan ba shi amanar wuyana ba."

Tukunya goma sha ɗaya na fitar.
Ɗaya tana wurin wata mai shinkafa a tashar Ɗan Isa,
ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin tafasa irinta ba.
Ban faɗa mata inda ta so zuwa ba.

Jirgin bai tashi ba tukuna.
Damina uku ke nan.
Fiffike ɗaya na rataye a rumfa, tsuntsaye na yi masa kallon raini,
ɗayan yana cikin littafin Barira.

Ni dai yanzu, kafin in jefa guntu a wuta,
sai in tsinci kaina ina jujjuya shi,
ina goge ƙasa da babban yatsa.
Yaron maƙera ya ce, "Baba, me kake nema?"
Na ce, "Kai dai zuga."