Awon Ozell

Ni na auna shi tun bai zama kowa ba,
a bayan shagon babana a Memphis,
shekarar sittin da ɗaya.
Ƙugu inci ashirin da tara, wuya kamar na zalɓe.
Ya ce kwat shuɗi yake so, zai biya ran Juma'a.
Juma'a bakwai suka wuce.

Ozell Ragsdale, ɗan mai wa'azi daga Mississippi,
ya sato muryar coci ya kai ta gidan rawa.
Shekara huɗu uwarsa ba ta amsa gaisuwarsa.
Ku faifai kuka sani, ni hammata na sani:
duk daren da ya rera da gaske
kwat kan dawo min da farin gishirin zufa,
wando a ɓarke a gwiwa, inda yake zubewa.

Jan nan na Alabama ne,
inda aka ja igiya a tsakiyar zaure,
farare can, mu nan.
Yakan ce muryarsa ce ta tsinka igiyar.
Ƙarya yake, mai gangarsa ya gaya min
'yan mata ne suka tsallake.
Da aka tashi, duk garin ba mai sayar masa da abinci.
Ya kwana a mota da kwat a jikinsa,
na wuni biyu ina guga.

Kuɗi suka zo, ƙugu ya kai talatin da takwas.
Ƙyalƙyali, wuyan riga kamar fiffiken shirwa.
Daga Landan ya aiko min kati, babu ko sannu, sai sabon awo.
Kuɗi suka tafi, da ma a takardar wani suke,
ya sa hannu yana ɗan ashirin, bai karanta ba.
Shekara tara waya ba ta yi ƙara ba.
Ya koma tuƙa motar 'yan makaranta,
ina rage masa tsoffin kaya, ban karɓi ko sisi ba.
Vernetta ta tafi, ta dawo, ta rasu.
Baƙin da ya sa ran jana'izarta, cikin dare na ɗinka shi.

Kowa ya daɗe zai ga daɗau.
Yara suka tono faifansa, suka yanki kiɗan,
suka ɗora surutunsu a kai.
Ya yi fushi mako guda, har cak ya iso.
Ya sake hawa dandamali, da sanda wannan karon.
Muryar ta yi tsatsa, ta sauko ƙasa.
Ƙarajin nan mai tada tsigar jiki ya fi ƙarfinsa yanzu,
in ya iso wurin sai ya miƙa wa jama'a makirfo,
mutum dubu uku su ƙarasa masa.

Shekaranjiya ya turo ƙofa.
Jikata ce ke zura min zare yanzu, idona ya ƙi.
Na zagaya shi da tsohon tef ɗina:
ashirin da tara.
Muka yi shiru.
Na ce, na wasa ne, ko na kwanciya?
Ya ce, Earline, shuɗi dai,
ki bar min wuri a gwiwa.

Wai zai biya ran Juma'a.