Ɗari da Arba'in da Biyu

Daga bakin teku zuwa ƙofarmu
matakala ɗari biyu da sha shida ce.
A Valparaíso kan tudu ake kwana,
kowa zuciyarsa na dukan uku-uku kafin ya kai gida.

Haka na faɗa wa Eliana.
Na ce matakala ce. Na ce kofi ne,
kofi huɗu kafin rana ta take,
ga 'yan aji talatin da takwas suna ihu a kunnenta.

Ta ce, Mama, a zaune nake.
Ta juyo mini agogon hannunta:
ɗari da arba'in da biyu.
Na ce agogon gwanjo,
yaushe ya gama karatun likita?

Ni na haife ta, ni na san ta.
Tana shekara bakwai ta suma don an fille kan kifi a gabanta.
Tana sha biyar ta rantse ciwon daji ne, ashe maruru.
Yanzu talatin da huɗu, ga zuciya.

A asibiti sun ɗebi jini kwalba uku,
sun shafa mata mai mai sanyi a ƙirji,
suka leƙa zuciyar a allo kamar masu duba ƙwai a haske.
Dakta Sepúlveda ya ce komai lafiya,
bakinsa bai rufe ba ya rubuta wani gwajin.
In komai lafiya, me ake nema?
In ba lafiya ba, me ake ɓoye mana?
Na ga takardar kuɗin, ta kai rabin hayar wata,
na haɗiye yawu, na ce kasuwanci dai.

Ta dawo da wayoyi biyar manne a fata,
da ɗan akwati a kugu, na yini da kwana.
An ba ta takarda: ƙarfe nawa ta ji bugun,
me take yi a lokacin.
Ta bar ta kusa da burodi. Ban nema ba, idona ne ya kai.

Huɗu da minti goma, hawan matakala.
Shida da rabi, ina duba jarrabawa.
Takwas da biyar, Mama ta ce ba komai ba ne.

Na tsaya riƙe da wuƙar burodi.

Baltazar ma haka na faɗa masa.
Ya dafe ƙirji a bakin wannan teburin,
na ce iska ce, na dafa masa ganye.
Kwana tara bayan nan ya kife kan komar da yake ɗinki,
allura na hannunsa, shekara arba'in da ɗaya.
Ba wanda ya gwada shi.
An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.
Ni tsumma nake kiran komai,
don kada in sake furta sunan maciji a gidan nan.

Ƙarfe biyun dare, jiragen ruwa na kuka a tasha,
na shiga ɗakinta ba takalmi.
Fitilar akwatin na ƙifta ido, koriya.
Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta
ina ƙirgawa da agogon bango.
A talatin da bakwai na rikice:
ban san wanne ne nata ba,
wanne ne nawa da ke bugawa a kan yatsuna.

Sakamako sai Alhamis.
Har yanzu ina jin kofi ne,
ina jin likitan na da gidan da bai gama biya ba.
Amma na goge shuɗiyar rigata,
na ware kuɗin tasi, zuwa da dawowa.
In ya ce komai lafiya,
ban san ko zan gode masa ba,
ko zan ce ya sake dubawa.