Aikin Dare a Jinan

Ƙarfe ukun dare, gari ya yi tsit,
ni da tanki na bakwai kaɗai ne a farke.
Na dafa cikinsa, ɗumi
kamar goshin yaro mai barci.

Babana, Meng Dehou, shekara sha tara
yana bin mahauta da bokiti,
yana sayen zankon zakaru.
Ƙarni har cikin gashin kansa.
A niƙa, a tace,
abin da za a samu bai cika cokali ba.

Yanzu ga bakteriya, ido ba ya ganinsu.
Mun cusa musu saƙo guda a asalin halitta,
mun ba su sukarin masara da iska,
suna ta saƙa yauƙi, ba su san don wa ba.
Ba su taɓa ganin fuska ba,
balle tamoji, balle madubi.

Gobe rabin hayaluron ɗin
zai shiga kwalaben man shafawa.
Saura kuwa, allura.

Ran Laraba likita ya tsira wa Baba ita a gwiwa.
Ya sauko matakala ba sanda,
ya tsaya, ya dube ni:
"Ruilan, to zakarun fa,
an gaya musu sun huta?"