Minti Goma Sha Bakwai

Ma'aikata uku gare mu a Kumo,
babur biyu, ɗaya sai ya yi tari kafin ya tashi,
gidaje arba'in da ɗaya,
fetur kuwa, abin da Litinin ta hore.

Ni aka ɗora wa lissafin.
Na zuba wa na'ura nisan kowace hanya,
masu hawan jini, masu suga, masu gyambo,
na yanka wa kowane gida minti goma sha bakwai:
sallama, awo, wankin ciwo, rubutu, sai an jima.
Ta yi shiru kamar mai tuna bashi,
sannan ta ja layi uku a taswira,
ko ɗaya bai taka ɗan'uwansa ba.

Mako bai cika ba Dijatu ta dire mini takardar.
"Lissafinka bai san Baffa Manu ba.
Ba ya miƙa hannu a gwada
sai ya gama labarin saniyarsa da ta ɓata a Kalshingi.
Bai san kwarin Panda ba in ruwa ya kwana yana zuba.
Bai san ran kasuwa gida ba kowa,
sai majinyaci da kaji."

Ban yi musu ba. Na hau bayan babur ɗinta,
agogo a hannu, biro a baki.
Saniyar Baffa ta cinye minti ashirin da shida.
Na buɗe mata gurbi a cikin lambobi,
can tsakanin kuɗin mai da laka.
Layukan suka karkace, suka fara kama da hanya.

Gida na talatin da huɗu na gwaggona ne.
Lissafi ya kai ta Alhamis.
Yatsa ɗaya ya isa ya dawo da ita Talata.
Na duba wanda zai koma baya in na taɓa:
wani yaro mai sikila a Kembu,
ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Na janye hannu. Na tashi na sha ruwa.

Alhamis da la'asar Dijatu ta dawo,
ƙafa duk jar ƙasa,
da ƙullin gyaɗa a leda.
"In ji gwaggonka. Jininta ya sauka.
Ta ce in tambaye ka,
wai na'urar ce ta hana ka zuwa da ƙafarka?"