Tif

A Farin Gada nake faci, bakin kwalta.
Shekara goma sha tara ina tsoma tif a daro,
ina jiran kumfa ta tona asirin huji.
Ban taɓa tambayar kalmar garinsu ba.
Wa ke tambayar guduma sunan kakarta?

Rumasa'u ce ta kawo zancen tare da abincin rana,
ƙamus a hammata, bangonsa ya ɓalle.
Ta ce, "Baba, ba tif ba ne, tiyub ne."
Na ce, "Mu nan mun rage mata tsawo,
kamar wandon gwanjo a hannun tela."

Ta bi layi da yatsa mai maiƙon miya:
wai daga Latin ta taso,
ta kwana a bakin Faransawa,
Ingilishi suka yi mata masauki.
Kafin Latin fa? Littafin ya yi gum.
Ashe ko a can baƙuwa ce,
mu dai a cikin taya ta iso mana,
a naɗe, baƙa, tana warin roba.

Duk abu mai tsawo, cikinsa fayau, sunansa ke nan.
Na man goge baki da muke matsewa har wuya,
siririyar kwalbar masu gwajin jini,
doguwar fitilar shagon Davou mai ƙifta ido,
har jirgin da ke bin ƙarƙashin ƙasa a Landan.
Na yi dariya: mutane a cikin tif!
Idan ya yi faci wa ake kira?

Akwai guda da ba ta karanto ba,
ni ma ban ce komai ba.
Wanda aka zura wa kakanta a hanci,
a gado na shida, kusa da taga,
mutumin da ya riƙe bututun ruwa a ramin kuza
har tafin hannunsa ya zama ƙirgi.
Kwana tara siririyar roba tana ba shi aron iska.

Ta ce a Turanci masu amsa mata amo ba su cika hannu ba,
ga kiyub, irin dunƙulen miya,
sai wasu da ko ita harshenta ya sarƙe.
Na ce, "Marainiya ce a gidansu.
Zo ki ga dangin da ta tarar a nan.
Kuɗin facina ɗari biyar ne cif,
ruwan Jos in ya taso mu ja ƙofa rif,
ɗan acaɓa ya taka santsi ya faɗi kif,
wuta ta ɗauke ɗif."

A nan na tsaya.
Haka numfashin ma ya yi, daren Talata.

Tayoyin yanzu ba ruwansu da tif,
iskarsu suke riƙewa da kansu.
Wata rana yaro zai ji kalmar ya ce, "Mece ce?"
Tsofaffin sun koma gugar rijiya,
wasu danƙon harbin tsuntsu, wasu igiyar ɗaure kaya.

Davou ya turo kekensa, ta baya ta kwanta.
Rumasa'u ta rufe littafi, ta riƙe mini famfo.
Na danna roba cikin ruwa, na kasa kunne.
Ga kumfar nan, ƙanana, a jere,
kusa da tsohon facin bara.